Abin da Baba Ya Faɗa Mini a Wajen Rakiya

Na zo Landan karatun digiri na uku ina da shekara talatin da huɗu. Na ajiye aikin koyarwa a jami'a, na bar mijina da yara biyu, mahaifiyata tana taya shi kula da su. Ɗaki ɗaya na kama a Edmonton, a saman shagon wani Baturke mai sayar da kayan miya, kuma har na bar ɗakin warin albasa bai bar tufafina ba. Tambayar da nake bincike a kanta ba ta da wuyar faɗa. A tsakiyar Najeriya, me ya sa wani gari yake kamawa da wuta tsakanin Kirista da Musulmi, maƙwabcinsa kuma da ke da irin mutanen nan yana zaune lafiya? Ina so in san su waye suke tare abin tun kafin ya tashi, da yadda suke yi.

Na so in koma gida in yi hira da mutane a garuruwansu, amma jami'a ta ce wuraren da na lissafa akwai haɗari, ba za ta sa hannu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da aka haifa a can, wasu da ba su taɓa ganin wurin ba sai a taswira suke gaya mini inda zan taka. Na yi ta surutu a ɗakina ni kaɗai har na gaji, sannan na yi abin da aka ce. Na koma neman mutanenmu da ke nan Landan waɗanda suka ga abin da idonsu.

Ta haka na haɗu da Baba. 'Yarsa na fara sani, wata nas mai fara'a da ta ji ni ina waya da Hausa a wani shagon kayan abinci a Tottenham, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu 'yar'uwa, daga ina?" Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai ta yi dariya, ta ce ai mahaifinta zan nema. Tsohon hedimasta ne, Kirista, ya yi shekaru yana shugabantar kwamitin zaman lafiya na garinsu. Ciwon zuciya ne ya kawo shi Landan, aka yi masa aiki, ya zauna wajenta a Dagenham yana jinya har shekara huɗu. Ta ce ya gaji da kallon talabijin, wanda zai saurare shi kawai yake nema.

Ranar Asabar na je. Baba dogo ne siriri, da tabarau mai kauri, yana sanye da rigar sanyi a kan kaftani. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Tashi 'yata, nan ba a yin haka, gwiwa za ta yi miki tsami." Na miƙa masa takardar amincewa, wadda jami'a take sa kowa ya sa wa hannu kafin a ɗauki muryarsa. Ya karanta ta daga farko har ƙarshe da yatsa a kan layi, ya tambaye ni ko gaskiya ne ba za a ambaci sunansa ba, na ce gaskiya ne. Ya sa hannu, na kunna rakoda.

Awa biyu yana magana, kuma ban ji abin da ban ji ba a bakin wasu. Taro a fadar hakimi, fastoci da limamai a jere, takardar matsaya, addu'ar buɗewa da ta rufewa. Yana yi kamar yana jawabi a ranar ba da kyaututtuka. Ina gyaɗa kai ina murmushi, amma a raina ina lissafin yadda na ɓata yini guda a jirgin ƙasa. Abin da kawai ya taɓa ni shi ne da ya zo kan maganar komawa gida. Ya ce likita ya kusa sallamarsa, ya sa an gyara masa rufin gidansa, da zarar damina ta wuce zai tafi. Matarsa tana kwance a maƙabartar bayan cocinsu, kuma tun ranar da aka binne ta ya sa aka bar masa wuri a gefenta. "Ba na son in mutu a ƙasar da ba a san ubana ba," in ji shi.

Na kashe rakoda, na ci tuwon da 'yarsa ta yi, na yi sallama. Baba ya ɗauki hularsa da sandarsa. 'Yar ta ce, "Baba, it's freezing, ka zauna mana, ta san hanya." Ya ce baƙuwa ba ta fita daga gidansa ba rakiya, ko a Landan ne.

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da rakiya take nufi. A falo ana gaisawa, a tambayi gida da yara, a yi maganar da kowa zai iya ji. Maganar da ta dami mutum kuwa sai an fita, an yi nisa da ƙofa, ana tafiya ba a kallon juna. Ba a cewa wannan sirri ne, domin babu buƙatar a faɗa. Mahaifiyata a wajen rakiya take jin wace ce a dangi aurenta yake tangal-tangal, kuma ban taɓa jin ta maimaita ba.

Mun isa tashar bas, muka tsaya. Baba ya dubi titi ya ce, "'Yata, duk abin da na faɗa miki a ciki gaskiya ne, amma ba shi ya tsare garin ba."

Ya ce akwai shekarar da aka kashe wani saurayi ɗan cocinsu a gona. Ba a san wanda ya yi ba, amma samarin unguwarsu suka yanke cewa daga unguwar Musulmi ne, suka shirya za su far musu washegari da asuba. Baba ya ji a bakin wani tsohon ɗalibinsa. Ya roƙe su, suka ƙi. Yana da aboki a ɗaya unguwar, Musulmi mai shagon hatsi, tare suka yi firamare. Da la'asar sai Baba ya ɗauki wani famfon feshi da ya taɓa arowa a wajen abokin, ya goya a baya, ya tsallaka gada kamar zai mayar masa. Rani ne, ba mai feshin gona, har mutane suna yi masa ba'a a hanya cewa hedimasta ya fara rikicewa. Ya ajiye famfon ya ce wa abokin su kwashe mata da yara da tsofaffi, su ma su bar unguwar. Da samari suka zo suka tarar da gidaje ba kowa. Suka ƙona rumfuna biyu suka koma, washegari sojoji suka iso. Ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Na tambaye shi yadda ya yarda da abokin har haka. Ya ce ai bashi ne na alheri yake biya. Sau biyu kafin wannan, abokin ne ya zo masa da irin wannan labari lokacin da samarin can suke shirin far wa unguwar Kirista, kuma sau biyun shi Baba ya san yadda ya yi aka kauce. Shekara da shekaru su biyun suke haka, ba wanda ya sani, ko matansu. Ya ce har yau mahaifin yaron da aka kashe yana neman wanda ya tona shirin, domin a ganinsa wannan mutumin ne ya ɓoye makasan ɗansa. Bas uku suka wuce mu muna tsaye. Da ta huɗu ta zo ya ce, "Shiga, dare zai yi miki. Ubangiji ya kai ki lafiya."

Ina zama a bas na fito da littafina na rubuta komai. Ba zan yi ƙarya ba, murna nake yi. Wata tara ina hira da mutane, sai ranar na sami amsar tambayata. Kuma tun a lokacin na san cewa ba don littafina Baba ya faɗa mini ba.

Malamar da ke duba aikina Baturiya ce mai kirki, ba ta da laifi a wannan magana. Da na ba ta labarin sai ta ajiye alƙalami ta ce wannan shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ta tambaye ni ko mutumin ya sa hannu a takarda, na ce ya sa. Ta tambaya ko takardar ta haɗa da bayanan da nake rubutawa bayan hira, na duba na ga ta haɗa. Ba ta san rakiya ba, ba yadda za a yi ta sani, ni kuma da na sani na ja bakina na yi shiru. Ta ce in fitar da maƙala daga ciki tun kafin in gama kundin digirin, domin da maƙala ake samun aiki.

Ina da lambar wayar Baba. Sau da yawa na ɗauki waya zan kira shi in nemi izini, sai in ajiye. Na gaya wa kaina cewa ba na son in dame shi yana jinya. Gaskiyar ita ce na san amsar da zai ba ni, kuma ba na son in ji ta.

Sai na shiga ɓoye shi, kuma na ɗauka na iya. Na mayar da hedimasta ya zama tsohon ma'aikacin gwamnati. Na rage masa shekara goma. Ban ambaci garin ba, ban ambaci jihar ba, ban faɗi shekarar ba. Amma na bar famfon feshi, na bar rani, na bar gada, saboda su ne suka sa labarin ya yi rai. Da na zo kan abokinsa mai hatsi sai na tsaya na yi tunani. Wannan mutumin yana can cikin garin, idan mutanensa suka ji ya taɓa tona shirinsu, Allah kaɗai ya san abin da zai same shi. Sai na cire wannan ɓangaren gaba ɗaya. A maƙalata, gargaɗi ɗaya aka yi, daga Kirista zuwa Musulmi. Shi Baba kuwa na ce a raina yana Landan, me zai same shi? Ni da nake kwana ina tashi da wayar gida a hannu, ni ce na ɗauka Landan tana da nisa.

Maƙalar ta fito a wata mujallar ilimi da kowa zai iya karantawa kyauta a intanet. An yaba. An gayyace ni taro na yi bayani, wani farfesa mai farin gashi ya tashi ya ce hoton dattijo da famfon feshi a lokacin rani ba zai fita daga ransa ba. Na ji daɗi har na kira mijina na gaya masa. Ban aika wa Baba ba. Lokaci-lokaci nakan gaishe shi ta waya, ya tambaye ni karatu, in ce muna ta fama.

Wata rana da rana ina ɗakin karatu sai ga kiran 'yarsa. Na fita waje na ɗauka. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ke ce kika rubuta maganar famfon feshi?"

Na fara cewa ban sa suna ba.

"Wane suna? Akwai wanda bai ga Baba a kan gada ranar ba? Har waƙa yara suka yi masa. Ni kaina ban san dalili ba sai a group ɗin garinmu na gani."

Wani ɗan garinsu da ke karatu a wata jami'a a gida shi ya ci karo da maƙalar yana neman abin da zai sa a aikinsa. Ya ɗauki hoton shafin ya tura, wani ya fassara da yarensu ya yi saƙon murya, kafin kwana biyu babu gidan da bai ji ba. An farfasa tagogin gidan da Baba ya gyara. Dattawan coci sun aiko masa da saƙo cikin ladabi cewa ya dakata tukuna, ba za su iya lamunce masa tsaron lafiyarsa ba. Dangin yaron da aka kashe sun ce ko gawarsa aka kawo ba za ta shiga maƙabartar da ɗansu yake ba. Ta ce, "Na riga na yi masa booking ɗin jirgi, sati uku ya rage. Yanzu na yi cancel. Kin ci abinci a gidana, 'yar'uwa." Ta kashe wayar.

Na yi abin da mutum yake yi idan ya makara. Na rubuta wa masu mujallar, na gaya wa malamata gaskiya, ta taya ni rubuta wasiƙar. Bayan makonni suka cire sakin layin. Bai amfana komai ba, domin ba a mujalla mutanen garin suka karanta ba, a wayoyinsu yake.

Kwana goma na yi kafin na iya zuwa Dagenham. 'Yar ta buɗe mini ƙofa ta koma kicin. Baba yana kan kujerarsa, ya rame. Na durƙusa, wannan karon bai ce in tashi ba, ni ma ban tashi ba. Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Baba, na ci amanarka."

Ya ce, "Kin zo da takardar da kika rubuta?"

Na ce tana cikin wayata. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, in karanta masa, kuma da Hausa, yana so ya ji yadda take a bakina. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Da Turanci maganar tana da tsabta, akwai kalmomin da muke ɓuya a bayansu, mai ba da bayani, hanyar sadarwa ta bayan fage. Da na juya ta Hausa sai ta zama abin da take, wato labarin dattijon da ya yarda da ni a bakin titi. Na karanta har ƙarshe.

Sannan ya ce, "Ba ki sa cewa abokina ma ya zo mini sau biyu ba."

Nan na ga ƙofa, na yi wuf na kama. Na ce shi ne abin da na zo da shi. Zan rubuta cikakken labarin, da Hausa, in yi saƙon murya da kaina a tura garin. Idan mutanensa suka ji cewa sau biyu aka ceci unguwarsu ta wannan hanyar, cewa 'ya'yansu da yawa suna raye ne saboda abin da su biyun suke yi, ba wanda zai kira shi maci amana. Za su roƙe shi ya dawo. 'Yarsa ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa, na ga ita ma ta sa rai.

Baba ya girgiza kai. "Shi yana da jikoki goma sha ɗaya a gidan nan, kuma ba shi da 'ya a Landan. Ina zai je?"

'Yar ta ce, "Baba, what about you? Kai fa?"

"Ni ina da ɗaki, ga hita tana ɗumama shi." Ya juyo gare ni. "Abu ɗaya kika yi daidai a takardar nan, shi ne da kika cire nasa ɓangaren. Kada ki ɓata shi. Ki yi mini alkawari, 'yata, kuma wannan karon ina faɗa miki da baki, tunda na ga sai an faɗa."

Wannan ce kaɗai maganar da ya yi mini mai zafi, kuma ta isa. Na yi masa alkawari. Ya ce ya yafe mini, ya ce wa 'yarsa ta kawo mini ruwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gama digirin. Na cire babin gaba ɗaya daga kundin, masu jarrabawa suka ce aikin yana da kyau amma kamar akwai abin da ya rasa a tsakiya, na ce haka ne. Yanzu ina koyarwa a nan, iyalina sun zo, mun bar Edmonton. Abokin Baba ya rasu bara a kan gadonsa, kuma iyalinsa duk sun koma wata jiha wajen babban ɗansa. Shi ya sa Baba ya ce zan iya rubuta wannan, muddin ban kama sunan kowa ba, kuma na canja abin da ya goya ranar. Na canja, ba famfon feshi ba ne. Na tambaye shi ko yanzu za a tura cikakken labarin garin, ya ce a bari. Waɗanda za su saurara sun mutu, waɗanda suka rage kuma sun riga sun yanke hukunci, kuma ƙafafunsa ba za su ƙara ɗaukar tafiyar jirgin sama ba.

Ni da 'yarsa mun koma gaisawa, ko da yake ba kamar da ba. Kwanan baya ta gaya mini cewa wata Lahadi bayan sujada a coci Baba ya ce ta kai shi ya ga inda ake binne mutane a nan gabashin Landan. Ta tura shi a keken asibiti suka zaga, yana karanta sunayen da ke kan duwatsu, bai ga wanda ya sani ba. Ta tambaye shi yadda ya gani. Ya ce wurin yana da tsabta, ana kula da shi. Da suka koma mota ya ce mata idan ta sami hutu wata shekara ta je gida, ta gaya wa dattawan coci su ba wani wurin da ke gefen mahaifiyarta, kada ya zauna a banza.